Makanta Ba Ta Hana Kula da Kwamfuta, Rashin Saninmu Ne Ke Hanawa



A zamanmu na ƙarshe, wani matashi makaho ɗan unguwarmu ta Shango ya nemi ƙungiya ta taimaka masa da kwamfuta da kuɗin horo, domin ya koyi aikin kula da manyan kwamfutocin ofis da ake kira saba. Wasu suka yi dariya, wani har ya ce a ba shi jarin sayar da goro kawai. Ni na rubuta bayanan zaman, kuma wallahi na ji kunya.

Masu cewa ba zai iya ba, ku saurara. Akwai manhaja mai suna NVDA da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo da murya. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta tun daga 2006, kuma kyauta ake sauke ta. Galibin aikin saba, musamman mai Linux, rubuta umarni ne da karanta amsa: buɗe wa ma'aikaci asusu, adana bayanai, gano dalilin tsayawar intanet. Duk rubutu ne, kuma kunne na iya karanta rubutu.

Gaskiya ne akwai inda zai nemi mai ido, kamar jan waya ko na'urar da ta ƙi tashi. To, wane ma'aikaci ne ba ya neman taimako? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu cewa ba mai ɗaukarsa aiki, dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa. JAMB ma tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso da Gidan Kwano, a garinmu take. Amma doka ba ta amfanar wanda ba shi da ilimin da zai nuna, mu kuma muna son hana shi tun daga ƙofa.

Manzon Allah (SAW) ya sha barin Abdullahi bin Ummi Maktum, makaho, a matsayin wakilinsa a Madina. Mu kuwa kwamfuta ɗaya ta gagare mu?

Sayar da goro sana'a ce mai mutunci, amma ba ita yaron ya roƙa ba. Kullum muna kukan bara ta yi yawa a titunan Minna, yau ga wanda ya ƙi bara ya zo da buƙata, mun mayar da shi abin dariya.

Zan sake gabatar da buƙatarsa a zama mai zuwa. Zan zo da kwamfutata, shi kuma zai zauna ya yi aiki a gabanku. Wanda ya yi dariya ya daure ya halarta.

Allah Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya