Motar Da Ta Hau Ni

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in an bi ta barauniyar hanya shi ma soyayyar ce, domin kuwa son wata dalleliyar mota ne ya kai ni ya baro. Na daɗe ina jin nauyin faɗar wannan magana, saboda ba kowa ne ke son a san ya yi wauta da kuɗinsa ba, to amma ganin yadda ƙannenmu ma'aikata ke ta rububin karɓar motoci a kan biya kaɗan-kaɗan ya sa na ce gara in tona wa kaina asiri.

Mu da muka taso da karatun littattafan Hausa mun san yadda ake shigo da gwarzon labari. Ba a taɓa kawo shi a kan keke ko a cikin bas ɗin haya ba. Sai dai ka ji wata tsaleliyar mota ta kunno kai cikin layi, yara sun bi ta da gudu, gilashi ya sauka a hankali, ƙamshin turare ya gauraye unguwa. Ban taɓa karanta littafin da marubuciyar ta tsaya ta gaya mana nawa ake cire wa gwarzon nan a albashinsa duk wata ba. Ba laifi nake ɗora wa marubutanmu ba, su abin da al'umma ke so suke rubutawa, amma Allah Ya sani wannan hoton ya zauna mini a ka tun ina sakandare.

A ƙarshen shekarar 2021 ina da 'yar Corolla tsohuwa, fentinta ya koɗe, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Ina kuma da fuloti guda a bayan gari wanda na saya da kuɗin adashe. Sai aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki, abokai suka fara zolaya, wai yanzu na wuce wannan akwalar. Ana cikin haka wani kamfanin ba da lamuni, wanda ba zan kama sunansa ba, ya turo wakilinsa ofishinmu, yaro mai fara'a da zaƙin baki. Ya ce ba bashi ba ne, haya ce wadda ke ƙarewa da mallaka: su za su sayi motar, ni in riƙa hawa ina biya duk wata, bayan shekara huɗu ta zama tawa.

Motar da na zaɓa jif ce 'yar Kwatano mai silinda shida, kuɗinta Naira miliyan 9. Aka ce in kawo kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, wato miliyan 2 da dubu 700. Na sayar da Corolla, na sayar da fuloti, kuɗi suka cika cif. Ragowar miliyan 6 da dubu 300 aka ɗora musu ruwa na kashi 15 a shekara, aka raba gida 48, ya kama N210,000 duk wata. Wannan adadi na ƙarshe shi kaɗai na kalla. Na auna shi da albashina, na haɗa har da alawus ɗin da ba kullum ake samu ba, na ce ai zan iya.

To a nan ne wautar farko take, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan daure da lissafi. Kashi 15 ɗin nan ana lissafa shi ne a kan dukkan miliyan 6 da dubu 300 tun daga watan farko har na ƙarshe, kamar ban taɓa biyan ko kwabo ba. Alhali kuwa duk wata ina rage uwar kuɗin. A shekara ta huɗu, lokacin da abin da ake bi na ya ragu ƙwarai, ruwan da nake biya bai ragu da ko sisi ba. In da a kan abin da ya rage ake lissafawa, wannan tsari daidai yake da ruwan kusan kashi 25. Ruwan kaɗai ya tashi miliyan 3 da dubu 780. Ban gano haka ba sai bayan shekara guda, ranar da wani abokin aikina na sashen kuɗi ya ɗauki takardar ya duba, ya ɗago kai ya dube ni, bai ce komai ba.

Mahaifina ya yi magana tun farko. Ranar da na kai masa motar ya sa albarka, ya zagaya ta, ya shafa, sannan ya ce, "Ta wace ce?" Na ce, "Baba, tawa ce mana." Ya ce, "Takardun fa, sunan wa ke jiki?" Na yi shiru, domin sunan kamfanin ne. Ya ce to ka ce ka aro mota, kuma ka binciki malamai a kan ƙarin da aka yi maka. Na fito ina cewa a raina tsofaffi ba su san zamani ba. Na kuma lallashi kaina da kalmar haya, tunda dai ba a rubuta bashi ba. Yau in aka tambaye ni, sunan ne kawai aka canja wa tuwo.

Sai abubuwan da wakilin nan bai tsaya a kansu ba suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Dole ne in yi wa motar cikakkiyar inshora duk shekara, ba irin ta gama-gari da muke yanka don 'yan sanda ba. Daga farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga ta gama-garin daga N5,000 zuwa N15,000, ta kuma ce cikakkiyar kada ta gaza kashi 5 na darajar mota, wanda a wurina ya kama N450,000 a dunƙule. Akwai kuɗin na'urar bin sawu da suka liƙa mata. Akwai kuma wani sakin layi a shafi na kusa da ƙarshe, da ƙananan haruffa, wanda ya ba su damar sake duba ruwan in yanayin kasuwa ya canja. Lokacin da na sa hannu, ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya yana kashi 11.5. Daga watan Mayun 2022 ya fara hawa, ya kai 18.75 a Yulin 2023, ya dangana da 27.5 a Nuwamban 2024. Sau biyu ana aiko mini da wasiƙa mai ladabi, kuɗin wata ya koma N240,000, daga baya N265,000.

Amma abin da ya karya ni shi ne mai. A 2021 lita tana wajen N165, tankin motar nan mai shan lita 70 da 'yan kai ina cika shi da abin da bai wuce N12,000 ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta haura N500, zuwa Oktoban 2024 ta haura N1,000. Tankin da nake cikawa ina hira ya koma sama da N70,000. Ga dala, wadda ba ta kai N600 a Wapa ba lokacin da na karɓi motar, ta haura N1,500 a farkon 2024, kuma duk wani ƙarfe da ke jikin motar nan da dala ake shigo da shi. Da giya ta fara fizga, wanda ni ma da laifina don na yi ta ɗaga sabis saboda rashin kuɗi, bakanikena ya je Ƙofar Ruwa ya dawo ya ce, "Yallaɓai, gara ka zauna kafin in faɗa maka."

Haka na koma ina ajiye jif a gida ina hawa A Daidaita Sahu zuwa ofis, ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure kawai nake fito da ita. Kuma ko tana tafiya ko tana kwance a ƙarƙashin tamfol, ranar 28 ga wata sai alat ya shigo an zare nasu. Wata rana da dare uwargida ta ajiye mini takardar kuɗin makarantar yara a kan tabarma ta ce, "Maigida, mu da motar nan wa ka fi so?" Cikin raha ta faɗa, amma ban iya cin tuwon daren nan ba.

A cikin A Daidaita Sahun nan ne ma na ƙara fahimtar matsayina. Da yawan direbobinsu su ma a kan irin wannan tsari suke, mai kuɗi ya saya ya ba su a farashi mai tsada, suna kawo balas har su gama. Ana zaluntar wasunsu, ba na musu. To amma shi ɗan sahu abin hawansa ne ke nemo kuɗin da ake biya, in ya gama kuma ya samu jari. Ni tawa ba ta taɓa kawo ko Naira ɗaya gida ba. Abin da ta saya mini shi ne gaisuwar masu gadi da wurin ajiye mota a gaban rumfa in an je biki, sai kuma 'yan uwa da suka ƙara yawan buƙatun da suke kawo mini, tunda mai irin wannan mota ai ba zai ce babu ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma an faɗa mini a ido: ai kai ka ci riba, tunda faɗuwar Naira ta sa motar ta ƙara kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A Turai da Amurka mota tana fara zubar da daraja ne tun ranar da aka fito da ita daga shago, mu kuwa a nan 'yan shekarun an ga wanda ya hau mota shekara uku ya sayar fiye da yadda ya saya. Ni ma da na gaji a ƙarshen 2024, bayan na yi fashin biya wata uku an fara yi mini barazanar ɗauke ta, miliyan 12 aka saye ta duk da matsalar giyar. Sai dai ba ni da ikon sayarwa sai da yardar masu takardu, kuma su suka fara cire nasu: ragowar uwar kuɗi, bashin wata uku, tarar jinkiri, har da wata tarar wai don na biya kafin lokaci. Miliyan 3 da rabi suka tafi nan. Dillali ya ɗauki la'adarsa. Na biya yayana da ƙungiyar taimakon juna ta ofis wajen miliyan 2 da na ranta don inshora da gyara. Da abin da ya rage na shiga kasuwa, na tarar irin Corollar da na sayar ƙasa da miliyan ɗaya da rabi yanzu sai da miliyan 5. Ita na saya. Wato bayan shekara uku da biyan sama da miliyan 7 na wata-wata, na dawo kan motar da na taso da ita, ba fuloti.

Ba ina cewa kada kowa ya karɓi mota a kan biya sannu a hankali ba. Wanda aikinsa ke buƙatar mota kuma ba shi da dunƙulallen kuɗi, dole ya nemi hanya. Akwai ma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, inda a tsarin murabaha banki ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya wadda ba ta canjawa bayan an ƙulla ciniki. Da ta nan na bi, da waɗancan wasiƙu biyu ba su same ni ba, da kuma zuciyata ta fi natsuwa. Amma kada mu yaudari kanmu, halaccin ciniki bai hana shi fin ƙarfin aljihunka. Da murabahar ce ma, mai da inshora da giya suna nan suna jirana, domin asalin cutar ita ce na ɗauki motar da albashina ba zai iya ciyar da ita ba, don in burge mutanen da ko ɗaya daga cikinsu bai tambaye ni yadda na kwana ba ranar da aka zo ɗaukar ta.

Wani ƙanina da ya fara aiki bara ya zo mini kwanan baya da irin wannan takarda, idonsa na ƙyalli. Ban yi masa wa'azi ba. Na ba shi biro na ce ya ninka kuɗin wata sau adadin watannin, ya ɗora kafin alƙalami, ya ɗora inshorar shekara huɗu, ya rubuta man da zai sha a mako, sannan ya nemo mini sakin layin da ya yi maganar canja ruwa da na biya kafin lokaci. Ya yi kusan rabin awa yana lissafi, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai yi tunani. Har yau ban tambaye shi abin da ya yanke ba.

Shi kuwa fulotin, ranar Asabar da ta wuce hanya ta bi da ni ta wajen. Wanda ya saya ya yi gini har ya kai linta, an ja wutar lantarki zuwa layin, ga wani mai shago ya buɗe a kan kwana. Na rage gudu na duba, yaran suka tambaye ni gidan wane ne, na ce na wani bawan Allah ne, muka wuce.