Rabon abin toshe kunne bai isa ba, ma'aikatan Sakkwato na buƙatar likita

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Tsohuwar Kasuwa ko wani lungu na cikin garin Sakkwato ya san yadda ake ciniki a gaban inji. Magana ba ta yiwuwa, sai nuni. Yarinya ta dire roba, ta ɗaga yatsu biyu, mai inji ya gyaɗa kai ya juye gero. In ta kama dole a yi magana, sai ya kawo kunnensa dab da bakinta tana ɗaga murya. Ita minti goma za ta yi ta tafi abinta. Shi kuwa tun hantsi yake nan har la'asar, kullum, shekara da shekaru.

Masana lafiyar ma'aikata suna da ƙa'ida mai sauƙi: in mutum biyu na tsaye kusa da juna, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba, amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to ƙarar wurin ta kai matakin cutarwa. A ma'aunin sauti, matakin nan shi ne desibel 85, kuma iyakar abin da kunne zai jure ke nan na awa takwas a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: awa huɗu a 88, awa biyu a 91, kwatan awa kacal a 100. Injin niƙa da zarton katako na lantarki da injin yankan ƙarfe na masu walda duk suna iya haura 90.

Birnin Shehu cike yake da irin waɗannan wurare. Akwai maƙeran Assada da guduma ba ta hutawa a hannunsu, da 'yan katako, da masu gyaran janareta, da ma'aikatan da ke tarbar jirage a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III. Akwai kuma kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, yanzu yana ƙarƙashin BUA, aka kuma ƙaddamar da sabon sashensa mai samar da tan miliyan uku a shekara a watan Janairun 2022. A duk duniya, aikin siminti aikin ƙara ne, tun daga fasa dutsen farar ƙasa har zuwa niƙa shi.

Ɓarnar tana faruwa ne a can cikin kunne, a wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, inda ƙwayoyin halitta masu siraran gashi kusan 16,000 ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Da fari ma'aikaci zai tashi aiki ya ji kunnensa ya yi ɗum, ko yana masa shuu, da safe ya warware. In abin ya ci gaba, ƙwayoyin nan sai su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Babu ciwo, babu jini, kamar dai yadda gara ke cin itace daga ciki alhali waje lafiya lau. Siraran sautuka su ne ke fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana jin ana magana amma ba ya gane abin da ake faɗa, musamman a taron biki ko cikin kasuwa. Kafin iyali su fara ƙorafin cewa rediyon maigida ta cika ƙara, an yi shekaru ana asara. Binciken da aka yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na kurumtar da ke naƙasa manya a duniya daga ƙarar wurin aiki take.

Abin da aka fi sani a matsayin kariya shi ne abin toshe kunne na soso ko roba, ko mai rufe kunne duka. Yana da amfani, amma raba shi kawai ba ya tabbatar da komai. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, wa zai iya yini da kunnuwa a rufe gumi na tsiyaya? Wani ya sa rabi-rabi, wani ya rataye a wuya sai mai duba aiki ya doso, wani ya cusa auduga, wadda ba ta rage ƙara wani abin kirki. Hanyar gane ko kariya na aiki ita ce a gwada jin ma'aikaci a kai a kai.

Gwajin ba shi da wuya. Ma'aikaci zai zauna a ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin sauraro a kunnuwa, a riƙa aiko masa da ƙananan sautuka, shi kuma ya danna maɓalli duk sadda ya ji. Cikin kwatan awa an gama, an fitar da zane mai nuna ƙarfin jin kowane kunne. Ma'aikacin jinya ko wani da aka horar zai iya wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne wa zai karanta zanen, kuma wa ke da ikon cewa a ɗauki mataki.

A Amurka, dokar kare jin ma'aikata ta 1983 ta fayyace wannan. Dole a yi wa ma'aikaci gwajin farko cikin wata shida da fara aiki a wuri mai ƙara, bayan ya yi awa 14 bai shiga ƙarar aiki ba, sannan a maimaita duk shekara. In jinsa ya ragu da matsakaicin desibel 10 a wasu sautuka uku da aka ƙayyade, sai a sanar da shi a rubuce cikin kwana 21. Dokar ta kuma ce shirin gwajin ya kasance ƙarƙashin kulawar likita ko ƙwararren masanin ji, shi ne zai duba duk sakamakon da ke da matsala ya yanke ko a tura mutum gaba. Birtaniya ma, a dokarta ta 2005, ta wajabta bin diddigin lafiyar jin ma'aikatan da ke cikin haɗari.

A ƙasar Hausa dalilin sa likita a tsakiya ya fi ƙarfi, domin abubuwan da ke kurmantar da mutum a nan suna da yawa. Sakkwato na cikin yankin sanƙarau, kuma annobar 2017 ta taɓa ta tare da Zamfara da Katsina. Wasu da suka tashi daga cutar sun tashi da raunin ji. Allurar gentamicin da ake saya barkatai a kemis tana iya lalata kunne, haka streptomycin da aka daɗe ana yi wa masu tarin fuka, haka kwinin in ya yi yawa. Ga ciwon kunne mai ruwa tun ƙuruciya, ga dodon kunne da aka huda da tsinke, ga dauɗar kunne da ke toshe hanya, wadda wankewa kawai take buƙata. Na'ura ba ta bambance waɗannan. Likita ne zai haska kunnen ya leƙa, ya tambayi tarihin mutum, ya gane alamar ƙara, wadda takan fito a zanen a matsayin wani rami wajen sauti mai hertz 4,000, galibi a kunnuwa biyu. In kuwa kunne ɗaya ne ke mutuwa, wannan na iya zama wata cuta dabam da ke son binciken gaggawa.

Akwai kuma abin da likita kaɗai zai gani in ya jera sakamakon sashe guda a gabansa. In mutum biyar da ke aiki kusa da inji ɗaya duk jinsu na raguwa, matsalar ba sakacinsu ba ce, injin ne ke son a gyara shi, ko a killace shi, ko a rage awannin tsayuwa a gabansa.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta kula da lafiyar ma'aikata. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a 2009. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci raunin ji ƙarara, kuma ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da NSITF ke riƙe da shi. Sai dai diyya sai da hujja. Ma'aikacin da ba a gwada jinsa ranar da ya kama aiki ba, da me zai nuna cewa aikin ne ya kurmantar da shi bayan shekara ashirin? Shi ma mai kamfani gwajin farkon nan kariya ce gare shi, kada a ɗora masa abin da mutum ya zo da shi daga gida.

Ma'aikata na da fargabarsu, kuma ba ta banza ba ce. Wani zai ga gwajin hanya ce ta sallamarsa, sai ya riƙa danna maɓalli ko bai ji komai ba. Don haka likitan da ke kula da shirin ya kamata ya kasance mai cin gashin kansa, ya riƙe sirrin takardun, ya gaya wa kamfani abin da ya shafi aiki kawai, kuma a rubuta tun farko cewa wanda aka samu da rauni sauya masa wuri za a yi, ba kora ba.

Ƙwararrun ma ba nesa suke ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, tana horar da ma'aikata. Manyan kamfanoni za su iya ƙulla yarjejeniya da sashen ya riƙa duba sakamakon gwajinsu. Masu niƙa da maƙera da masu walda ba su da ofishin kula da ma'aikata, amma suna da ƙungiyoyi da shugabannin sana'a da ake jin maganarsu. Ma'aikatar lafiya ta jiha za ta iya bi ta hannunsu, ta kai na'urar gwaji ta tafi-da-gidanka wata makaranta ko ɗakin shan magani na unguwa da sassafe, kafin a tayar da injuna, a fara da yara masu koyon sana'a tunda jinsu bai taɓu ba tukuna. Ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, ta dace da fara gwajin, muddin an tanadi likitan da zai karanta sakamakon, aka kuma sa ranar da za a dawo baɗi a sake gwadawa.