Lilon jika sittin da sangen da ya yage

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo mini da hantsi, ya zauna bisa tabarma yana ta juya waya a hannu. Malamin makaranta ne na kwantaragi a wani ƙauye wajen Tasawa, matarsa tana wata na takwas, cikin fari. Bayan mun gaisa ya ce: "Kawu, rance na zo nema. Jika sittin, in albashi ya faɗo in maido." Na ce lafiya dai? Sai ya miƙo mini wayar. Hoton wani lilon jarirai ne mai batir, yana kaɗa kansa, yana kiɗa, ga ƴan tsuntsayen roba suna reto a sama. Wata ƙawar matarsa ce ta ɗora nata a WhatsApp ranar suna, tun daga ranar kuwa maganar lilo ake kwana da ita a gidan.

Na tambaye shi ko suna da sange. Ya ce akwai na aure, amma ya yage ta gefe guda. Na ce ma'aunin zafin jiki fa? Babu. Na ce to in naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare, aka ce a wuce da ita babban asibiti, wace mota, da wane kuɗi? Ya sunkuyar da kai ya ce Allah zai kawo. Allah zai kawo, gaskiya ne. Amma jika sittin ɗin da yake nema ai ita ma Allah ne zai kawo ta, kuma ya riga ya yanke cewa lilo za ta ci.

Ban ga laifinsa sosai ba. Saurayi ne da yake son ya fita kunyar matarsa da surukai, kuma mu manya mu muka bar kayan haihuwa suka zama abin baje koli kamar lefe. Ni ba na cikin masu cewa duk abin da kakanninmu ba su sani ba sharri ne. Kakanninmu ba su san allurar rigakafi ba, kuma sun binne ƴaƴa da yawa. Abin da nake so a duba shi ne, cikin tarin kayan da ake tallata wa sababbin iyaye, wanne ne yake tsare ran jariri, wanne ne yake sauƙaƙa wa mai jego kawai, wanne ne kuma yake da haɗarin da mai shago ba zai faɗa ba, don shi ma bai sani ba.

Mu fara da lilon, tunda shi ya kawo maganar. Jariri sabon haihuwa kansa yana da nauyi, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. In aka jingina shi a abin da yake a karkace ya yi barci, haɓarsa tana iya faɗowa bisa ƙirji ta matse hanyar numfashi. Ko kuma ya mirgina, fuskarsa ta nutse cikin soso mai laushi, ya kasa ɗagowa. Ba ya kuka, ba ya shure-shure da za a ji daga tsakar gida. Uwa tana can tana wanki tana murna yaro ya samu barci.

Wannan ya faru, kuma a ƙasar da ake ƙera kayan. A watan Afrilun 2019, a Amurka, kamfanin Fisher-Price ya janye wani gadon jarirai mai jingina da ake kira Rock 'n Play, kimanin guda miliyan 4.7, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai fiye da 30. A 2023 da aka sake shelar janyewar, adadin ya kai wajen 100. A 2022 Amurka ta kafa doka ta hana sayar da irin wannan makwanci mai karkata gaba ɗaya. A watan Oktoban 2024 kuma kamfanin nan ya janye lilonsa mai suna Snuga, sama da guda miliyan 2, bayan jarirai 5 sun rasu a cikinsa, dukansu an bar su ne su yi barci a ciki, yawancinsu ba a ɗaure musu maɗauri ba, an kuma ƙara musu bargo ko shimfiɗa. Babban kamfani ke nan mai suna, wanda hukuma take sa wa ido.

To yanzu ku yi tunanin namu. Da yawa daga abin da ake samu a kasuwanninmu, daga Katako ta Yamai har Kasuwar Dole ta Damagaram, ko dai gwanjo ne da ya sauka ta tashar jirgin ruwa ba kwali ba takardar bayani, ko sabo ne marar suna da ba a san wanda ya ƙera shi ba. In aka janye kaya a Amurka ko Turai, ana sanarwa ta talabijin da intanet, ana bin masu saye da wasiƙa. Wa zai bi mai jego a Madarumfa ya ce mata ta daina amfani da nata? Na taɓa ganin lilon gwanjo da maɗaurinsa ya tsinke, mai sayarwa ya ce mini ai wannan igiyar ado ce.

Duk da haka ba zan ce lilo ba shi da amfani ba. Matar da aka yi wa tiyata aka ciro jariri ba ta iya goyo da wuri. Mai tagwaye hannu biyu gare ta. Ma'aikaciyar da take zaune a birni nesa da dangi, ba kaka ba gwaggo, tana bukatar inda za ta ajiye yaro minti goma ta shiga wanka. In akwai hali, a saya. Amma da sharaɗi: yaro yana farke, an ɗaure shi da maɗaurinsa, idon babba yana kansa, ba a ƙara matashi ko bargo ba, kuma lilon yana ƙasa, ba bisa tebur ko gado ba. Da zarar barci ya ɗauke shi a ciro shi a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙwari, wadda take a miƙe. In ya fara mirginawa ko yunƙurin zama, aikin lilo ya ƙare. Wato abin da za a yi amfani da shi wata huɗu ko biyar ke nan. Mai albashin kwantaragi ya auna wannan da jika sittin, ya ƙara da kuɗin batir, ya tuna kuma da yadda wuta take ɗaukewa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da soso da leda suke gasa bayan yaro.

Akwai abin da ya fi lilo tayar mini da hankali, kuma ya fi shi yawa a gidajenmu domin ya fi arha: keken koyon tafiya, mai ƙafafun taya, wanda ake zura yaro a tsakiya. Ƙasar Kanada ta haramta shi tun 2004, sayarwa da shigowa da shi, har na gwanjo. Likitocin yara sun daɗe suna cewa ba ya sa yaro ya yi tafiya da wuri. Abin da yake yi shi ne ya ba ɗan wata bakwai gudun da uwarsa ba ta zata ba, da tsawon hannun da bai kamata ya samu ba. A Kanada matakalar bene suke tsoro. Mu kuwa ku dubi tsakar gidanmu: garwashin shayi a ƙasa, tukunyar ruwan wanka bisa murhu, bokiti cike da ruwa, bakin rijiya, kwalbar kananzir ko fetur a lungu. Yaron da yake rarrafe ana ganin tahowarsa. Wanda yake cikin keke kafin a ce kai ya isa. Wannan kam in an kawo muku shi a kayan barka ku yi godiya, ku ɗora shi bisa rumfa.

Sai goyo. Abin dariya, yanzu a shagunan Turai ana sayar da zanen goyo da tsada, har da darasin yadda ake ɗaurawa, mu kuma ƴaƴanmu suna jin kunyar majanyi. Yaron da yake bayan uwarsa yana jin ɗuminta da motsinta, ita kuma tana jin numfashinsa da zafin jikinsa tun kafin zazzaɓi ya yi nisa. Babu lilon da yake yin wannan. Ga jariri bakwaini ko mai ƙarancin nauyi ma, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara shi ne a ɗora shi bisa ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane. Likitoci ne a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara wannan a 1978, saboda kwalaben renon bakwaini sun yi musu kaɗan. Zane da hula kawai yake ci. Amma goyon ma yana da ƙa'idarsa, kada a ce na yi son kai. A tallafe wuyan ƙaramin jariri. Kada a lulluɓe shi ruf da hijabi mai kauri cikin rana har a manta da fuskarsa. Kada a sunkuya bisa wuta da shi. Kuma hawan kabu-kabu da goyo, wanda kowa yake yi domin dole, a san cewa kan yaron ne ya fi kusa da ƙasa in an faɗi.

To me za a saya? Sange mai magani shi ne na farko, kuma sau da yawa ana ba da shi kyauta wurin awon ciki, in an je awon. Ga dalilin da ya sa na sa shi gaba: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, daga wata 3 ake fara ba yaro. Wanda aka haifa a Yuli ko Agusta, watanninsa na farko sange ne garkuwarsa. Sai ma'aunin zafin jiki, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ba. Jaririn da bai cika wata 3 ba in ma'auni ya nuna 38, ba a jiran safiya, ba a zuwa wurin mai maganin bisa kai, asibiti ake nufa. Tafin hannu kuwa yana ruɗi, balle cikin zafin bazara. Sai maganin cibiya da ungozomar asibiti za ta nuna, a maimakon toka ko man goge baki da wasu suke shafawa, kuma a kiyaye kada ya kusanci ido. Sabulu da yawa. Tsummokaran auduga masu laushi da za a wanke a shanya a rana, a ajiye Pampers domin tafiya da dare in aljihu bai kai ba. Fitila mai caji da hasken rana, domin uwa ta ga fuskar yaronta da tsakar dare. Wanda yake da mota, kujerar jariri ta mota ta fi lilo daraja nesa ba kusa ba.

Kwalbar madara ba ta cikin lissafina sai in likita ya ce. Wanke ta yadda ya kamata yana son tafasasshen ruwa kowane lokaci, madarar gwangwani tana cin albashi, kuma gudawa tana bin kwalbar da ba ta wanku ba. Wata 6 na farko nono kaɗai ya isa, ko ruwa ba a ƙarawa, komai zafin gari. Na san nan ne ake karawa da kakanni, na kuma san ba a cin nasara a kansu da faɗa. Kuɗin da za a zuba a kwalba a sayi nama da ƙwai da wake wa mai shayarwa.

Abu na ƙarshe ba a kasuwa yake ba: kuɗi a ƙulle cikin ambulan, wanda ba a taɓawa ko ragon suna ya gagara. Ko da an ce aikin tiyata da maganin yara ƙanana kyauta ne, mota ba kyauta ba ce, abincin mai jinya ba kyauta ba ne, kuma akwai ranar da za a ce maganin ya ƙare a je a sayo.

Mu dangi muna da hannu a nan. Kowa yana son kyautarsa ta yi kyau a hoto, shi ya sa mai jego take tashi da kayan sawa kala ashirin na ɗan wata ɗaya, da hoda kwali-kwali, ba wanda ya kawo sange. Ga abokan aikina malamai mata kuwa, na san inda takalmin yake matsa musu. Hutun haihuwa yana ƙarewa yaro bai fi wata biyu ko uku ba, sai a ɗauko yarinya daga ƙauye ta zauna da shi ƙarƙashin bedi a bakin aji. Sau nawa muka tambayi kanmu ita wannan ƴar rainon me ya sa ba ta cikin ajin? In da ƙungiyar iyayen yara da malaman makaranta ɗaya za su haɗa kuɗin lilo biyu ko uku, da sun kafa rumfa mai inuwa da tabarmi da sange, sun ɗauki dattijuwa guda tana duba jariran, uwaye suna fitowa shayarwa lokacin hutu. Wannan magana ce ta wata rana, amma tana nan a raina.

Ɗan ƙanwata dai ban ba shi jika sittin ba. Na ba shi ashirin, na ce ba rance ba ne, muka tafi tare farmasi da kasuwa muka sayo ma'auni, sabon sange, fitila da sabulu, sauran uwargidana ta ƙulle masa a ambulan ta rubuta "mota" a bayansa. Ta kuma buɗe akwati ta ciro majanyin saƙi da ta goyi ƴaƴanmu huɗu da shi, ta ce a kai wa amarya. Da zai hau babur ya ce: "Kawu, ni na gane. Amma ita me zan ce mata?" Uwargidan ta ce ya bar mata wannan, Jumma'a za ta je da kanta.