Daga Bakin Allo: Rumbun da Ba Shi da Jinka

A wannan wata za mu leƙa gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, can arewa da Ati a tsakiyar ƙasar nan tamu ta Cadi, wanda hukuma ta keɓe tun 1969. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 78,000. Kada mai karatu ya zaci kurmi ne. Fili ne fetal na ciyawa, sai aduwa da ƙaya jefi-jefi.

Masana suna da hanyar sanin arzikin irin wannan fili. Sukan auna mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, su yanke duk abin da ya tsiro a ciki, su busar da shi ƙarau, sannan su ɗora a sikeli. Dalilin busarwa kuwa, ɗanyar ciyawa yawancinta ruwa ne. Ko ɗan firamare zai iya wannan aiki in ya sami igiya da lauje.

To, me sikeli yake cewa? A watan Yuni kusan babu komai sai rairayi. Da ruwa ya zauna a Yuli, irin da ya kwana a ƙasa sai ya farka, ƙarangiya da 'yan'uwanta su yi ta tashi. Nauyi yakan kai ƙololuwa wajen Satumba. Daga nan an rufe littafi: yawancin ciyawar nan shekara guda take yi, ta zub da iri ta mutu. Abin da ya tsaya a Satumba shi za a ci har wata damina. Gara ta ɗiba, iska ta kwashe, kofato ya tattake.

Akwai kuma abin da sikeli ba ya faɗa, wanda kowane makiyayi ya sani. Ɗanyar ciyawar Agusta ba ta kai ta kaka nauyi ba, amma ta fi ta maiƙo nesa. Da ta fid da kai ta bushe, sai amfaninta ya ragu. Shi ya sa za ka ga saniya cikin bazara ciki cike, haƙarƙari a waje.

Masu ci kuwa suna da yawa, domin ba a hana makiyaya shiga gandun ba. Ga raƙuma da shanu, ga barewa, ga mariri, wanda ya ƙare ƙaf a daji, har aka komo da shi daga Abu Dabi a 2016.

Ni a ganina babbar ɓarna ita ce gobarar kaka. Wutar shayi guda da aka bari ba a kashe ba, in iskar hunturu ta same ta, sai ta lashe abincin wata takwas cikin dare ɗaya, kuma babu abin da zai sake tsirowa sai Yuli. Don haka ne da ɗaukewar ruwa ma'aikatan gandun suke bi da tarakta suna share dogayen layuka a cikin ciyawa, yadda in wuta ta iso nan za ta rasa abin kamawa.