Dusar ƙanƙara a waya, tumatir a Mile 12

Ina so mu tattauna a kan gem ɗin nan na gidan abinci da ya kama wayoyin da yawa daga cikinmu, maza da mata. Kun san irinsa. A ba ka ɗan shago da murhu biyu, kwastomomi su yi ta shigowa kowa da hoton abin da yake so a saman kansa, ka soya, ka zuba, ka miƙa kafin ransa ya ɓaci ya fice, ka tara kuɗi ka faɗaɗa kicin. Irin wannan wasa ya daɗe. Diner Dash ya fito tun 2004, Cooking Fever na kamfanin Nordcurrent da ke Lituwaniya ya fito a 2014, a shekarar ne kuma aka saki Good Pizza, Great Pizza, daga nan aka yi ta haifo ire-irensu. Wanda muke bugawa a ɗakinmu ba zan kama sunansa ba, kar a ce talla nake masa ko ɓatanci.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne sabuntawar da suke turo mana duk bayan 'yan watanni, wadda suke cewa ta sabon yanayi ce. Da ta sauka sai ka ga an cika guruf da hotuna, wannan ya ce ta haɗu, wancan ya ce ya ba ta tauraro biyar. Ni kuma ra'ayina shi ne fenti muke ba wa maki. Yanayin da bai taɓa farashin kaya ba, bai canza lokacin da kwastoma ke zuwa ba, bai canza abin da yake nema ba, bai cancanci a kira shi yanayi a sana'ar abinci ba.

Ku duba abin da ake turo mana a shekara. Ƙarshen Oktoba shago ya cika da kabewa mai idanu da saƙar gizo-gizo, wai Halowin. Disamba dusar ƙanƙara na zuba ta taga, yaron shago ya sa jar hula, an kafa bishiya mai fitilu a lungu. Fabrairu ko'ina jajayen zukata na ranar masoya. Wajen Afrilu kuma zomo da ƙwai masu launi. To a duk wannan, daƙiƙa nawa nama yake yi a wuta? Daidai da na jiya. Nawa ka sayi burodi? A wanda muke bugawa ba a ma saye, da ya ƙare wani yake fitowa. Haƙurin kwastoma? Yana nan yadda yake. An dai canza wa tuwo suna.

Ni a Oko-Oba na tashi, inda Abbatuwar Legas take, inda tireloli ke sauke shanu daga Arewa. Gwaggona abinci take sayarwa a kusa da nan, kwastomominta mahauta ne da dillalai da direbobi da 'yan dako. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tukunya a irin wannan wuri ya san shekarar mai abinci kashi-kashi take, kuma kowane kashi da irin lissafinsa.

Ɗauki azumi. Ranar da aka ce an ga wata, cinikin rana ya faɗi, sai ɗan abin da waɗanda ba sa azumi za su saya. Aiki ya koma daga la'asar zuwa bayan isha, sai kuma tashin dare na sahur. Kunu da ƙosai da ƙanƙara da kankana su sha gaban tuwo. Mutanen da a sauran watanni suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, yanzu duk gab da kiran magariba za su taru, kowa na miƙo hannu, kuma babu wanda za ka iya ce wa ya je ya dawo. Sannan shi kansa azumin ba ya zama wuri ɗaya, duk shekara yana matsowa da kusan kwana 11. Na 2016 ya faɗo a Yuni, cikin damina, na 2025 kuma a Maris, ana tsakiyar zafi. Tambayi mai sayar da ƙanƙara ya gaya maka bambancin.

Ɗauki babbar salla. Mako biyu kafin layya unguwa ta cika maƙil da raguna da baƙi: waɗanda suka kawo dabbobi, yaransu, direbobi, da masu saye daga kowane lungu na Legas, don Yarbawa ma ba sa wasa da Ileya. Mai abinci ta ƙara tukunya, ta ƙara masu taya ta wanke-wanke. Ana idar da salla kasuwa ta watse. Kwastomomi da yawa sun hau mota sun nufi gida, waɗanda suka rage kowa da soyayyen nama a ɗakinsa, har mai tsire sai ya rage abin da yake ɗorawa a tukuba. Wadda ba ta hango wannan ba ta jibge cefane, ita da asara.

Ɗauki tumatir. Da yawa daga wanda ake miya da shi a Legas na noman rani ne, daga irin su Kadawa a jihar Kano, a kwanduna yake sauka a kasuwar Mile 12. Lokacin sanyi zuwa farkon bazara ya wadata, damina na kankama ya yi wuya ya yi tsada. Nan mai abinci za ta zaɓa: ta ƙara kuɗin kwano, ta tsinka miya, ko ta koma busasshe da na leda. Kowanne ta zaɓa akwai kwastoman da zai ɓata rai. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonakin tumatir a Arewa, duk wata tukunya a Agege sai da ta ji a jikinta. Haka da ruwan farko ya sauka a Arewa, 'yan ci-rani su tattara su koma gona, teburin mai shayi ya rage cika da safe.

Akwai kuma abin da ke zuwa ba sallama. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, nama da tattasai da albasa suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2023 da takardun naira suka ɓace, mutum zai ci ya ƙoshi, a tsaya cirko-cirko ana jiran transfa ta shiga, ita kuma mai abinci ba ta da tsabar da za ta kai wa mai nama gobe da asuba.

Wannan shi ne canjin yanayi a gidan abinci: farashi ya motsa, lokaci ya motsa, mutane su canza, mai sana'a ta yanke shawarar da za ta iya ja mata riba ko faɗuwa. Duk wani mai tsara gem da ya san aikinsa, ga kayan aiki nan a zube. Minti goman ƙarshe kafin shan ruwa kaɗai sun isa a gina mataki mai tsayar da numfashi. Me ya sa to ake turo mana kabewa da jar hula?

Amsar tana cikin yadda ake cin kuɗi da gem ɗin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kyauta muke sauke shi, amma kamfani yana da ma'aikata da albashi. Kuɗinsa yana fitowa ne daga tallar da muke kallo da kuma daimon ɗin da muke saya. Aikin sabuntawar yanayi shi ne ta dawo da wanda ya fara gajiya, ta kuma ɗora masa agogo. Ga kujera ta musamman, ga murhu mai ado, amma kwanaki kaɗan suka rage, in ka rasa sai baɗi. Matakan farko da sauƙi, har ka ji ai ka kusa. Na ƙarshe kuma sai su yi tsauri yadda da wuya ka haye ba ka inganta kicin ba, ingantawar kuma daimon take ci, daimon ɗin kuma ko ka jira kwanakin da agogo bai ba ka ba, ko ka ciro katin banki. Neman riba ba laifi ba ne. Mu dai mu san inda aka ɗana tarkon. Wasu ma har da faifan juyawa, ka zuba ka jira sa'a, wanda ko ba malami ba ya san da me ya yi kama. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin gem caca ne a dokarta.

Mu kuma me muke biya? Data da farko. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma kowace sabuntawa sai an sauke ta, kowace talla sai ta ci nata rabon. Wanda ke karɓar bashin NELFUND ya san kuɗin kashewarsa naira 20,000 ne a wata, ya lissafa kwanon abinci nawa ne ke tafiya in ya sayi ɗan buhun daimon ɗaya. Sai lokaci, wanda ya fi data tsada. Agogon gem ba ruwansa da jadawalin jarrabawarka. Wallahi na ga ɗalibin da ya sa ƙararrawa ta tashe shi cikin dare don kar tukuicin ranar ya wuce shi, alhali da safe yana da gwaji. Kujerar da ya ci tana nan a waya, makin da ya zubar kuma zai bi shi har ranar karɓar shaida.

Na san abin da wasu za su ce. Malam, wasa ne fa, mun shiga ne mu huta, ba mu tuna da tsadar tumatir ba. Na yarda hutu haƙƙinmu ne, ni ma ina bugawa tsakanin lakca da lakca. Amma ai daɗin wannan gem tun asali matsi ne: oda ta taru, nama na neman ƙonewa, ka tsallake da ƙyar ka ji daɗi. Yanayin da zai kawo sabon matsi mai ma'ana ƙara daɗin zai yi. Wanda ya kawo agogo kawai shi ne ke mayar da hutu aikin dole.

Wasu kuma za su ɗauka Kirsimeti nake ƙorafi a kai. Ko kaɗan. Maƙwabtanmu a Agege suna yin ta, muna cin shinkafarsu suna cin naman sallarmu, kuma Disamba a Legas babban lokacin ciniki ne: kaji da shinkafa su yi tsada, bukukuwa su yawaita, wasu 'yan kasuwa su rufe shago su tafi garuruwansu. Inda gem ɗin zai kawo wannan, da ni ne farkon mai tafi. Abin da ya kawo dusar ƙanƙara ce, wadda Kiristan Agege ma bai taɓa gani a ƙofar gidansa ba. Haka kuma don an liƙa jinjirin wata da fitila a watan azumi, kamar yadda wasu gem-gem suka fara yi, ba zan ce an yi mana komai ba matuƙar kwastoma yana nan yana odar abinci da tsakar rana kamar kullum.

Saboda haka ga shawarata ga masu sharhi a cikinmu. Kafin ka ba sabuntawa tauraro, buga ta kwana biyu ka tambayi kanka: akwai wata dabarar da nake yi jiya wadda yau ba ta aiki? Akwai abin da ya tilasta min sake lissafi? Zan iya kammala ta ba tare da na kashe ko sisi ba, kuma ba tare da na hana kaina barci ba? In amsar duka a'a ce, rubuta haka ƙarara a Play Store, don a nan masu gem ɗin suke dubawa. In kuma agogonta ya ci karo da makon jarrabawa, bar ta ta wuce. Baɗi kabewar za ta dawo, ba ta taɓa fashi ba.

Sai ku 'yan sashen kwamfuta, musamman masu neman abin da za su yi furojet na shekarar ƙarshe. Kowace shekara ana maimaita manhajar rajistar ɗalibai da ta ɗakin karatu, malamai ma sun gaji da gani. Ga Godot nan kyauta, ga Unity. Ku gina mana gem na mai abinci a bakin Abbatuwa, ko na teburin mai shayi, ko na tukubar mai tsire, wanda zai bi watan Musulunci da damina da rani. A sa bashi a ciki, don duk mai abinci tana da littafin waɗanda za su biya ƙarshen mako. A sa ɗauke wuta da narkewar ƙanƙara. A sa ranar da tirela ba ta iso ba. Ba sai ya yi zane mai tsada ba, in lissafin cikinsa gaskiya ne za mu buga, kuma mai buga shi zai fita da wani abu na sanin kasuwa.

Bayanan da kuke buƙata ba su cikin intanet, suna bakin iyayenmu mata da ke tashi kafin asuba su hura wuta. Duk wanda ya shirya da gaske ya yi min magana, ranar Asabar sai mu hau jirgin ƙasa mu sauka a Agege, in kai shi wurin gwaggona ya zauna da littafinsa. Ya dai taho da kuɗin kwanonsa, don ba ta ba ɗalibai bashi.