Habasha da Iritiriya: daga Badme zuwa Asab

Tun watan Oktoban 2023, lokacin da firaministan Habasha Abiy Ahmed ya fito fili ya ce ƙasarsa ba za ta rayu ba in ba ta samu hanyar Bahar Maliya ba, ake ta tambayar ko yaƙi zai sake ɓarkewa tsakaninta da Iritiriya. Mai neman amsa sai ya waiwayi yaƙin 1998.

A takarda, kan Badme aka gwabza, wani ɗan gari mai ƙura a bakin iyaka, babu man fetur, babu tashar jirgi. Daga watan Mayun 1998 zuwa yarjejeniyar Aljer ta Disamban 2000, dubun-dubatar sojoji suka mutu. A 2002 kwamitin shata iyaka ya bai wa Iritiriya garin, Habasha ta ƙi janyewa, aka zauna shekara 16 babu yaƙi babu sulhu.

Masanin zamantakewa Lewis Coser, a littafinsa na 1956 kan rikici, ya bambanta rigimar da ake yi don wani abu takamaimai da wadda ake yi don ita kanta gabar tana da amfani. Ya kuma nuna cewa abokin gaba na waje yana haɗa kan mutanen gida, shi ya sa wasu shugabanni ba sa son rabuwa da shi. Duka biyun suna cikin wannan labari.

Abu takamaimai shi ne kuɗi da tashar ruwa. Da Iritiriya ta ɓalle a 1993, Habasha ta rasa Asab da Masawa. A 1997 Asmara ta fito da kuɗinta, nakfa, Addis Ababa ta ce to manyan cinikayya sai da kuɗin waje. Kasuwar kan iyaka ta tsaya, zukata suka ɓaci, tun kafin a harba harsashi a Badme. Meles Zenawi da Isaias Afwerki tare suka kayar da Mengistu a 1991, kowannensu kuma da bindiga ya hau mulki, bai saba sassautawa ba.

Amfanin gabar kuwa a Asmara ya fi fitowa. Da hujjar cewa abokin gaba na bakin ƙofa, aka jingine kundin tsarin mulkin 1997, aka kama manyan ƴan jam'iyya masu suka a Satumban 2001, aka rufe jaridu masu zaman kansu, aikin soja na dole ya zama ba shi da ranar ƙarewa. Har yau ba a yi zaɓen shugaban ƙasa ba.

Sulhun 2018 ma ya tabbatar da haka. Wata biyu da hawa mulki, Abiy ya amince da hukuncin da aka yi shekaru ana cewa ba zai karɓu ba. Me ya canza? Shi da Isaias sun samu abokin gaba ɗaya, jam'iyyar TPLF ta Tigray, wadda suka yaƙa tare daga 2020. Da aka sa hannu a Pretoria a 2022 ba tare da Iritiriya ba, zumuncin ya fara sanyi.

A ganina rigimar yau ta fi ta Badme sauƙin warwarewa, ta kuma fi ta haɗari. Tashar ruwa abin ciniki ce: ana iya haya, ana iya yanka haraji. Mu a Nijar, da muka ga yadda kaya suka yi tsada bayan an rufe hanyar Kwatano a 2023, mun san ƙuncin ƙasar da kusan duk kayanta ke bi ta ƙofa ɗaya, kamar yadda na Habasha ke bi ta Jibuti. Matsalar ita ce amana. Ƙasa mai ƴan miliyoyin mutane tana kallon maƙwabciya mai sama da miliyan 120, tana tsoron mai haya ya wayi gari ya ce gidan nasa ne. Abiy kuma, da tawaye a yankunan Amhara da Oromiya, yana cikin irin halin da maganar teku ke yi wa shugaba amfani ko da bai samu tekun ba.