Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, to haka nan ba ya yin kore banza. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, irin wanda ake dasa wa tsirrai a ciki, sun san wata gansakuka mai laushi kamar garin kuka, wadda kan lulluɓe gilashin har a daina ganin kifin. Mai gaggawa yakan kankare ta da safe, kafin la'asar ta dawo. Dalili kuwa shi ne ƙananan halittu ne masu rai. Kankarewar watsa su take yi cikin ruwan, su yi iyo, su sake mannewa. Waɗanda suka goge a harkar sukan ƙyale ta mako 3 zuwa 4 har ta tsufa, sannan su rage ruwan, su share ta da tsumma, su zuba sabo. Daga nan sai su taƙaita hasken fitila zuwa sa'a 6 ko 8 a rana, su kuma rage abincin kifin, domin da haske da rarar abinci take rayuwa.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Yauri da kifin ado, alhali ga kogin Kwara a ƙofar gidansa? Amsar ita ce, abin da ke faruwa a wannan ɗan akwati shi ke faruwa a kududdufin kiwon kifi, shi ne kuma kan faru a tafki sukutum.

Mu fara da kududdufi. Matashin da ya zuba jarinsa a kiwon tarwaɗa ko karfasa yakan ɗauka yawan abinci shi ne saurin girma. Abin da kifin bai ci ba, tare da kashinsa, sai ya ruɓe ya zama taki, gansakuka ta samu abin da take so. Ɗan kore kaɗan alheri ne, don karfasa na cin sa. Amma idan ya yi kauri, sai lissafi ya juye. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, da dare kuwa shaƙar ta take yi tare da kifin. Shi ya sa asarar takan auku da asuba: a tarar da kifi ya taso sama yana buɗe baki, ko ya juya ciki. Tarwaɗa kan jure domin tana iya shaƙar iska daga sama, karfasa kuwa ba ta da wannan gata. Hatsarin ya fi yawa da bazara, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, da kuma ranakun da hadari ko hazo ya rufe rana.

Gwajin ba ya buƙatar ko kwabo. A tsoma hannu har gwiwa. Idan tafin ya ɓace tun ruwan bai kai gwiwar ba, wato ƙasa da santimita 30, koren ya wuce kima. Sai a dakatar da taki, a rage abinci, a sauya wani kaso na ruwan. Zuba maganin da zai kashe gansakukar lokaci guda ganganci ne, domin ruɓewarta za ta cinye sauran iskar da ta rage wa kifin.

Sai babban ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi garuruwa da tsibiran Gungawa da maƙwabtansu, rayuwar Yauri da Ngaski da Shanga ta ɗauru da wannan tafki. Allah ya yi masa wata kariya: ambaliya biyu ke ratsa shi a shekara, farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa da ke isowa da rani daga tsaunukan Gini, suna wanke shi. Sai dai lungunan gaɓa da fadamun da ruwa ke kwanciya ba sa samun wannan wanki yadda ya kamata, kuma nan ne mata ke ɗiban ruwa, nan kifi ke hayayyafa. Tun bayan ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa, abin farin ciki. Amma duk yuriya da NPK ɗin da shuka ba ta sha ba, ruwa yake bi ya gangara.

An taɓa ganin samfurin wannan masifa. Kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo tafkin a ƙarshen shekarun 1980, ta tare hanyar jirage, ta lalata taruna. Sai da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya tara masunta suna kwashe ta da hannu, aka kuma gitta shinge a kogin kusa da Zamare. Kainuwa da gansakuka kuwa akushi ɗaya suke ci. A Amurka ma, cikin Agustan 2014, an hana kimanin mutum 400,000 na birnin Toledo shan ruwan famfo har kwana 3, saboda gubar gansakukar tafkin Erie, wadda takin gonaki ya ciyar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin yi ba boyayye ba ne. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya tana New Bussa, a bakin wannan tafki. Ya kamata gwamnatin Kebbi ta haɗa kai da ita a riƙa auna ruwan gaɓar Yelwa da Wara a kai a kai, a kuma sanar da jama'a sakamakon da Hausa. Malaman gona su koya wa manoma raba taki kashi-kashi, da barin zirin ciyawa tsakanin gona da ruwa. Masu kududdufi su juya tsohon ruwansu zuwa lambun albasa, inda zai zama taki, maimakon kwarara shi cikin kogi. Sarakunan ruwa kuma su sa ido a kan lungunan da launinsu ya fara sauyawa.

Mai akwatin gilashi na iya zubar da ruwansa ya sake sabo cikin sa'a guda. Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ba su da wani Kainji a ajiye. Allah ya ba mu ikon yin rigakafi.